Wane Ya Haifi Wane

Surori tara na farkon littafin Tarihi na Ɗaya kusan sunaye ne zalla: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, har numfashin mai karatu ya ƙare. Haka sura ta 5 da ta 10 da ta 11 na littafin Farawa suke, kuma Sabon Alkawari kansa da irin wannan jeri ya buɗe baki. Matasan birni sukan tsallake waɗannan shafuka su nemi inda labari yake. Tsofaffin ƙauye ba sa tsallakewa. Na sha ganin tsohuwar da ba ta san ko bihim ba ta gyara zama a kan benci idan aka fara jero sunayen nan a majami'a, tana kaɗa kai kamar ana lissafa mata dangin mijinta. A duniyar da ta girma, mutum ba ya faɗowa daga sama. Idan saurayi ya zo neman aure, kafin a tambayi sana'arsa sai an tambayi gidan da ya fito. Idan maroƙi zai wasa basarake, daga kakanni yake farowa. Mu mutane ne masu son sanin asali, tun kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, shi ya sa muhawarar da ake yi a kan waɗannan sunaye ta fi kusa da mu fiye da waɗanda suka kawo mana shi.

Tambayar ita ce: shin Kirista zai iya ɗaukar waɗannan jerin asali ya koyi zama da mutanen da ƙabilarsu da addininsu da al'adarsu suka bambanta da nasa? Akwai fastoci da malaman makarantun Littafi da suka ce ƙwarai kuwa, a nan ma aka kafa harsashin zaman tare. Akwai kuma waɗanda suka ce a rufa wa jama'a asiri a bar sunayen inda suke, domin duk lokacin da aka ciro su aka liƙa wa mutane masu rai, jini ne ya biyo baya. Kowane ɓangare ya karanta Littafin, kuma kowanne yana da abin da zai nuna.

Masu cewa a yi aiki da su sukan fara da sura ta 10 ta Farawa. A nan aka jero zuriyar 'ya'yan Nuhu uku, Shem da Ham da Yafet, har aka sami al'ummai kusan saba'in. Masar tana ciki, Kush tana ciki, ga Assuriya da Elam, ga Yawan wato Helenawa, ga Sheba ta kudancin Arabiya. Abin da suke so a lura da shi shi ne, Ba'isra'ile ne ya rubuta, amma sunan Isra'ila bai fito a jerin ba, sa'an nan waɗanda suka bautar da ita da waɗanda suka ƙone biranenta duk an ba su ɗaki a gida ɗaya. A zamanin da Fir'auna yake kiran kansa ɗan allahn rana, wannan marubuci ya mai da shi ɗan dangin bawan da ke buga masa tubali. Luka ya kama wannan zare ya ja. Ya faro daga Yesu yana komawa baya, ya wuce Dawuda, ya wuce Ibrahim, bai tsaya ba sai a kan Adamu. Bulus ma da ya tsaya a Atina, a gaban mutanen da ke alfahari cewa daga ƙasar garinsu kakanninsu suka tsiro, tushe guda na dukan 'yan Adam ya tunasar da su. Wanda ya gaskata wannan, in ji su, ba shi da bakin kallon Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari, ko ɗan Ibo mai shago a Sabon Gari, ya ce wani irin halitta ne daban.

Hujjarsu mafi nauyi tana a sura ta farko ta Matiyu, kuma ta cancanci a daɗe a kanta. Matiyu ya raba jerinsa kashi uku, kowane kashi tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga nan zuwa Almasihu. Don lissafin ya fita daidai sai da ya tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, waɗanda littafin Sarakuna ya ambata. Masana da yawa suna ganin daga sunan Dawuda aka samo 14 ɗin, domin a Ibraniyanci baƙaƙe uku ne, dal da wau da dal, huɗu da shida da huɗu, ƙidayar da duk wanda ya taɓa hisabi a zaure ya sani. Ke nan mutumin yana zaɓe ne, ya san wanda ya sa, ya san wanda ya bari. To mai zaɓe irin wannan, da ya zo kan mata, bai kira Saratu ba, bai kira Rifkatu ko Lai'atu ba, iyayen gida masu daraja. Sai ya kawo Tamar, wadda da yawa ke ɗauka Bakan'aniya ce, wadda kuma ta sami tagwayenta ta hanyar da ba a faɗa a gaban surukai. Ya kawo Rahab, karuwar Yariko. Ya kawo Rut mutuniyar Mowab, alhali Maimaitawar Shari'a ta hana mutumin Mowab shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara goma, ita ce kuwa kakar mahaifin Dawuda. Ta huɗun ko sunanta bai ambata ba, da sunan mijinta Uriya ya kira ta, domin mai karatu ya tuna da sojan nan Bahitte wanda ya fi sarkin Isra'ila riƙon amana.

Duk wanda ya taɓa jin kirarin gidan sarauta ya san wannan baƙon abu ne. Aikin maroƙi ya binne abin kunya ya fito da abin yabo. Idan akwai baiwa ko baƙuwa a tsatson sarki, ba a ranar naɗi ake tono ta ba. Matiyu ya tono su a shafin farko, ya sa su a gaba. Ƙara da Yusufu, wanda ya auri 'yar firist na Masar ta haifa masa Ifraimu da Manassa, kakannin kabilu biyu na Isra'ila. Ƙara da Musa, wanda 'yan'uwansa suka yi gunaguni saboda ya auri mutuniyar Kush, cikin ƙanƙanin lokaci kuturta ta kama yayarsa. Masu wannan ra'ayi suna tambaya, kuma tambayar tana da zafi: dattijon ikilisiyar da ya hana 'yarsa auren mai bi don yaron ba ɗan yarensu ba ne, ko ikilisiyar da ta ƙi faston da aka turo mata don ba ɗan ƙasa ba ne, ko taron zaɓen shugabanni da ake ƙirga ƙuri'a da harshen uwa, wane Almasihu suke bi? Wanda Matiyu ya rubuta akwai jinin Mowab da na Yariko a jikinsa.

Suna kuma da hujja ta fagen aiki. Des Oatridge da matarsa Jenny sun yi shekaru suna fassara a cikin wata 'yar ƙaramar ƙabila mai suna Binumarien a tsaunukan Papuwa Niyu Gini. Sun bar ayoyi 17 na farkon Matiyu sai can ƙarshe, a ganinsu babu abin da za su ƙara wa kowa. Ranar da aka karanta su ɗakin ya yi tsit, mutanen suka gane ashe Yesu ya rayu da gaske, domin ba a lissafa wa aljani ko gwarzon tatsuniya kakanni. Mu ma kunnenmu haka yake. Maƙwabcinmu Musulmi ya san darajar nasaba, ya san salsalar malamai, ya san ba a karɓar magana sai an san daga wa ta fito. Sunayen da ke jerin kuwa sunayen gidansa ne. A aji ɗaya a Kaduna ko Gombe za ka sami Ibrahim da Yakubu da Dauda da Isiyaku, ba ka sanin wanda ke zuwa masallaci da wanda ke zuwa majami'a sai Juma'a ko Lahadi ta zo. Ga gada a gine, in ji su, don me za a ƙi hawa?

Ɗaya ɓangaren bai musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Roƙonsa shi ne a bar maganar abin da ya kamata a yi da jerin, a dubi abin da aka riga aka yi da shi.

Sura ta 9 ta Farawa ta kawo labarin da Musulmi ba su yarda da shi ba a kan Annabi Nuhu, amma yana nan a rubuce: Nuhu ya bugu da ruwan inabi, Ham ya ga tsiraicinsa, da ya farka ya yi la'ana. A kan Kan'ana la'anar ta faɗa, ɗaya daga 'ya'yan Ham huɗu, kuma babu inda aka ambaci launin fatar kowa. Duk da haka da wannan sura aka ɗaure miliyoyin baƙaƙe. Masu wa'azi a kudancin ƙasar Amurka sun hau mumbari sun ce bauta gadon 'ya'yan Ham ce, wanda ya yi faɗa da ita ya yi faɗa da hukuncin Allah. A kan rigimar bayi Baftis na kudancin ƙasar suka ware a 1845, ba su fito sun nemi gafara ba sai a 1995, bayan shekara 150. Ko a 1964, lokacin da ake ƙoƙarin zartar da dokar 'yancin baƙaƙe, sanata Robert Byrd ya kwana yana jawabi don ya hana ta wucewa, labarin Nuhu da 'ya'yansa yana cikin abin da ya karanta.

Wannan ƙarya ba a hannun Kirista kaɗai ta yi yawo ba. Ta ratsa littattafan Larabci ma, har Ibn Khaldun ya ƙaryata ta a Muƙaddima, ya danganta baƙar fata da zafin ƙasa. A 1615 mutanen Tuwat suka aika wa Ahmad Baba na Tambutu tambaya a kan bayin da ake kai musu daga ƙasar baƙaƙe. Ya bi bayan Ibn Khaldun, ya ce launi ba dalilin bauta ba ne, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Bai soke bauta ba, ya dai ɗora ta a kan kafirci maimakon fata, wannan kuwa ya bar wasu kakanninmu a bakin kura. Amma a tsaya a yi tunani: sai da babban malami ya zauna ya rubuta amsa kafin wasu su yarda cewa Bakano ba la'ananne ba ne. Idan ana zancen 'ya'yan Ham, mu ake nufi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda jerin ya juya a ƙarni na 19 ba tare da ya daina yanka ba. Da Turawa suka ga dalar Masar, suka ga masarautu masu tsari a tsakiyar Afirka, ya yi musu wuya su yarda cewa baƙar fata ne ya gina su. Sai aka wanke Ham, aka mai da shi kakan wasu mutane masu ɗan haske da dogon hanci da suka gangaro daga arewa da shanu da wayewa. John Hanning Speke ya baza wannan a littafinsa na neman tushen kogin Nil a 1863, wani masani mai suna Seligman ya ba shi rigar ilimi a 1930. Carl Meinhof, Bajamushe wanda ya yi aikin fasto kafin ya zama shehin malamin harsuna, ya sa Hausa da Fulatanci cikin harsunan Hamawa a 1912, sai daga baya Joseph Greenberg ya rushe wannan rabo. Jami'an Ingila a Arewa da wannan ido suka dube mu, suka jera mu hawa-hawa, Fulani a sama, Haɓe a tsakiya, mutanen kan duwatsu a ƙasa. A Ruwanda kuwa abin ya kai maƙura. 'Yan mishan da gwamnatin Beljiyam suka koyar cewa Tutsi Hamawa ne da suka zo daga Habasha, a shekarun 1930 aka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida. Da iska ta juya, abin da ya zama kambi ya zama hujjar kisa: baƙi ne, su koma inda suka fito. A 1992 Léon Mugesera ya tsaya a taron siyasa ya ce za a mai da su Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 gawawwaki suka cika kogin. An kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, dubbai a cikin majami'un Nyamata da Ntarama inda suka gudu neman tsira. Harshensu ɗaya, suna auratayya, akasarinsu masu baftisma ne. Labarin asali ne aka ba su, ya fi baftisma ƙarfi.

Afirka ta Kudu ma haka. Ikilisiyar fararen fata ta Dutch Reformed ta ɗauki rarrabuwar al'ummai da hasumiyar Babila, har da jawabin Bulus na Atina da ɗaya ɓangaren ke taƙama da shi, ta ce Allah ne ya ja iyaka tsakanin jinsuna. Ta tabbatar da wannan a rahotonta na 1974, sai da taron ikilisiyoyin Reformed na duniya a Ottawa ya kira koyarwar bidi'a a 1982.

Sukan ƙara da cewa Littafin kansa ya nuna haɗarin. Bayan dawowa daga Babila, wasu firistoci sun nemi sunansu a littafin asali ba su samu ba, aka cire su daga aiki. A zamanin Ezra aka sa mazaje su saki matansu baƙi su kore su da 'ya'yansu, littafin kuma ya rufe da jerin sunayen masu laifin. Ashe jeri yana shigarwa, yana kuma fitarwa. Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi masu taƙama da Ibrahim cewa ko duwatsu Allah yana iya mayarwa zuriyarsa. Sau biyu, a wasiƙa zuwa ga Timoti da zuwa ga Titus, aka ja kunnen masu bi a kan gardamar asali marar ƙarshe. Wasiƙar Ibraniyawa ta kwatanta Almasihu da Malkisadik, firist ɗin da ba a rubuta masa uba ko uwa ba. Idan Sabon Alkawari ya riga ya sauke wannan kaya, in ji su, wa ya aike mu mu sake ɗauka?

Sa'an nan sukan dawo gida, inda maganar ta fi ciwo. Mu ma muna da namu jerin. Bayajida ya kashe macijiyar Kusugu ya auri Daurama, aka ba shi ƙwarƙwara Bagwariya. Daga ɗan sarauniya aka sami Hausa Bakwai, daga ɗan ƙwarƙwara aka sami waɗanda aka laƙaba wa Banza Bakwai, ciki har da Nupe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa. Uwargida da baiwa, ɗan gado da ɗan da aka tura gefe: ba sai an gaya wa kowa da wane gida wannan ya yi kama ba. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta cewa Yarabawa ragowar zuriyar Kan'ana ne daga tsatson Lamarudu, fasto Samuel Johnson ya ɗauki zancen ya sa a tarihin Yarabawa da ya fito a 1921. Wasu Ibo suna cewa su zuriyar Eri ɗan Gad ne. Kowa yana neman gurbi a jerin, da wuya kuma ka ga wanda ya nemo wa kansa gurbin ƙasa. A ƙasar da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ke yanke wa yaro makaranta da aiki, ƙasar da rigimar ɗan ƙasa da baƙo ta ci rayuka a Zangon Kataf a 1992 da Jos a 2001, ƙara wa mutane hujjar asali daga mumbari zuba fetur ne a wuta. Ni da kaina na taɓa zama a wani taron farkawa inda mai wa'azi ya kira Musulmi 'ya'yan baiwa, ya ce faɗa gadonsu ne tun daga Isma'ilu, jama'a suna amsa amin. A jere ɗaya da ni akwai matar da mahaifinta liman ne. Ta sunkuyar da kai har aka tashi. Alhali Bulus, a inda ya yi zancen Hajaratu da Saratu a Galatiyawa, shi da kansa ya ce misali yake bayarwa na alkawari biyu, da Kiristocin da ke neman komawa kaciya yake magana, kusan shekara 600 kafin zuwan Musulunci.

Idan ɓangaren farko ya ce ai duk wannan mummunan karatu ne, maganinsa kyakkyawan karatu, tunda da Littafin nan aka kayar da bauta da wariyar launi, sai na biyu ya mai da martani da abin da Bahaushe ya fi kowa sani. A tarurrukan sulhu ana yawan cewa dukanmu 'ya'yan Ibrahim ne, a tafa. Amma 'ya'yan mutum ɗaya da uwa daban-daban, da Hausa 'yan uba ake ce musu, kuma 'yan ubanci ba sunan soyayya ba ne. Kisan farko a Littafin tsakanin wa da ƙane ya faru. Yakubu da Isuwa ciki ɗaya suka kwanta. Haɗa jini yana haifar da zumunci, yana kuma haifar da rigimar gado, kuma rigimar gado ta fi ta bare muni.

Wannan amsa ta daɗe tana damuna, ban kuma ga wanda ya warware ta sarai ba. Duk da haka ban yarda a rufe shafukan ba, kuma dalilina na farko shi ne rufewar ba ta yiwuwa. Mutanenmu ba za su daina tambayar asali ba don fasto ya yi shiru. Idan bai koya musu cewa la'anar a kan Kan'ana ta faɗa ba, cewa an yi wa Isma'ilu alkawarin albarka da sarakuna 12, wani a WhatsApp zai koya musu akasin haka, da murya mai daɗi. Mai wa'azin da na ambata bai yi yawan karatun jerin ba, ƙarancin karatu ne ya kai shi.

Dalili na biyu ya fi shiga raina. Akwai wani raini da ba a cika magana a kansa ba, rainin da sabon tuba yake koya ya yi wa kakanninsa. An yi zamanin da mai karɓar bishara yake ganin sai ya yar da sunan gidansu, ya ƙaurace wa bikin dangi, ya ambaci kakansa mai tsafi ko mai bori kamar wanda ke ambaton ƙazanta. Jerin asali yana warkar da wannan. Littafin Joshuwa ya faɗa a fili cewa Tera mahaifin Ibrahim gumaka ya bauta wa, amma Luka bai goge sunansa ba, yana nan a salsalar Yesu. Manassa, sarkin da ya fi kowa ɓarna a Yahuza, yana nan a jerin Matiyu. Bamaguje mai bi a karkarar Malumfashi, ko Bajju, ko Tangale, yana iya kiran sunan kakansa da girmamawa ba tare da ya koma wa abin da kakan ya bauta wa ba. Na kuma lura cewa wanda ya iya yin haka da al'adar gidansu shi ne yake iya yi da al'adar maƙwabci. Wanda aka koya wa ƙyamar tushensa, da ƙyama yake fita waje.

Inda nake tare da ɓangare na biyu ɗari bisa ɗari shi ne a kan liƙa suna. Sura ta 10 ta Farawa duniyar da marubucinta ya sani ta zana, daga tsibiran Helenawa zuwa Elam, daga ƙasar Kush zuwa tsaunukan arewa. Babu Sin a ciki, babu Hausa, babu Tibi, babu Ibo. Duk wanda ya ce maka ƙabila kaza ita ce zuriyar wane, ko don ya ɗaukaka ta ko don ya ƙasƙantar da ita, daga aljihunsa ya ciro. Jerin ya zama guba ne a duk inda aka nuna wani da shi: su ne 'ya'yan Ham, su ne 'ya'yan baiwa, su ne baƙi daga Habasha. A inda mutum ya juya shi ya dubi kansa, abin da yake gani daban ne. Kiristan Arewa ba shi da digon jinin Ishaku da zai iya nunawa. Bisa koyarwarsa, shi ɗan riƙo ne a gidan Ibrahim, reshen jeji ne da aka ɗaura a jikin itacen gida, kamar yadda Bulus ya kwatanta wa Romawa. Ta ƙofar da Rut ta shiga ya shiga. Ban san yadda ɗan riƙo zai tsaya a bakin zaure yana tambayar masu shigowa waye ubansu ba.

Muna ma da abin koyi a gida wanda ban ji an kawo shi a wannan muhawara ba. Wasan taubasantaka tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Katsinawa da Nufawa, shi ma a kan labaran asali da tsofaffin tarihi ya tsaya, waɗanda ba mai iya tabbatarwa. Kowanne yana ce wa ɗaya bawansa ne, amma zancen yana tafiya ta fuska biyu, kuma abin da yake ɗora wa mutum haƙƙi ne: ba ka fushi da taubashi, ba ka zubar da jininsa, idan ya sauka gidanka sai ka ba shi ruwa. A Nijar an ɗauke shi da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke adanawa a 2014. Kakanninmu sun san 'yan ubanci sarai, sai suka nemi hanyar da dangantaka za ta zama bashi a wuyan kowa maimakon tsani da wani zai taka.

Zancen 'yan ubancin ma, Farawa ba ta bar shi inda masu gardama suka bar shi ba. An kori Hajaratu da ɗanta da gurasa da salkar ruwa, gaskiya ne. Amma a sura ta 25, da Ibrahim ya rasu, mutum biyu aka ambata a bakin kogon Makfela suna binne shi, Ishaku da Isma'ilu. Ba a faɗi abin da suka ce wa juna ba, ba a ce sun shirya ba. Bayan 'yan ayoyi sai marubucin ya tsaya ya jero 'ya'yan Isma'ilu 12, Nebayot da Kedar da sauransu, kowa da sunansa. Haka ya sake yi da Ishaku ya rasu: Isuwa da Yakubu suka binne shi tare, sai sura ta 36 ɗungum aka ba zuriyar Isuwa da sarakunansu, mutanen Edom da Isra'ila ta yi ta yaƙi da su.

Wannan na sha gani da idona. A garuruwanmu da yawa, idan dattijo ya rasu, 'ya'yansa sukan zo daga Kano da Jos da Abuja, wani da carbi a hannu, wata da ɗankwalin Zumuntar Mata. Watakila sun yi shekaru ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su zauna a jere suna karɓar gaisuwa. Can sai wani tsoho ya iso da sanda, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ɗan wance ne, wannan kuma ɗan wance, ya kira sunan kakansu, ya kira na uban kakan, kowa ya amsa.